Yadda Ake Yi da Masu Ba da Shaida a CV Idan Kana Bakin Aiki a Saudiyya

Da wuya mako ya wuce wani yaro bai turo min takardar neman aikinsa ta WhatsApp ba, ya ce, "Baba, a duba min kafin in tura." Wasu daga nan Jidda, wasu daga Makka, jefi-jefi har daga Riyad. Kafin in karanta makarantar da ya yi, can ƙasan takardar nake fara leƙawa. Sau da yawa zan tarar da sunaye uku a jere, kowanne da lambar wayarsa, na farkonsu kuma mudirin da yaron ke aiki a ƙarƙashinsa yanzu haka. Sai in kira shi in ce, "Mudirin nan ya san kana neman wani aikin?" Sai ya yi shiru, can ya ce, "A'a Baba, bai sani ba."

Matsayata a kan wannan ba ta da kwana-kwana. Muddin kana bakin aiki, kada ka rubuta sunayen masu ba da shaida da lambobinsu a jikin CV, wato takardar da Larabawa ke kira sira zatiyya. Ka tanade su a wata takarda daban, ka riƙe ta a hannunka, ka miƙa ta a lokacin da kai ka zaɓa. Mudirinka na yanzu kuwa shi ne na ƙarshen shiga maganar.

Ba a littafi na koyi wannan ba. Shekarun baya ina riƙe da sito a wani kamfani a kudancin Jidda, sai na ga wani wurin yana neman ma'aikaci da albashin da ya ɗara nawa. Na je wajen mai buga takardu, ya ce min CV ba ya cika sai da shaidu uku. Na ba shi sunan mudirina, domin muna zaman lafiya, kuma na san zai faɗi alheri a kaina. Bayan kwanaki ina tsaye a ofishinsa da takardun kayan da suka shigo, ina jira ya sa hannu, wayarsa ta yi ƙara a kan tebur. Ya ɗauka, ya saurara, ya ɗago ido ya dube ni. Na ji ya ce, "Na'am, a wajena yake. Ga shi ma a gabana." Ya ajiye wayar, ya sa hannu a takardun ɗaya bayan ɗaya, bai ce min uffan ba. Wancan kamfanin ba su ɗauke ni ba, ashe tace mutane kawai suke yi. A nan kuwa aka karɓi makullin sito aka ba wani, ƙarin albashin da aka yi min alkawari bayan Hajji ya bi ruwa. A lokacin ba a sauya wurin aiki sai kafili, wato mai aikin da ke ɗauke da nauyin zamanka a ƙasar, ya yi maka tanazul, ma'ana ya sake ka ga wani. Shekara biyu na ƙara a wurin, ana kallona a matsayin wanda ƙafarsa ɗaya ke waje.

Mataki na farko: san inda kake tsaye

Kafin ka taɓa CV, buɗe Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago na intanet, ka karanta kwantiraginka. Dubi ranar da ya fara, ranar da zai ƙare, da wa'adin sanarwar da aka rubuta. Dubi kuma ranar ƙarewar igamarka, wato katin izinin zamanka a ƙasar, a manhajar gwamnati ta Absher. Dalilin da ya sa na fara da nan shi ne, a Kano ko Maraɗi idan ogan mutum ya ji yana neman wani aiki, iyaka a ɓata, ya koma gidan ubansa. A nan zamanka a ƙasar ma yana rataye da wurin aikin.

Dokar ƙwadago ta Saudiyya, a sashe na 37, ta ce kwantiragin wanda ba ɗan ƙasa ba dole ya zama rubutacce kuma mai wa'adi. Ma'ana akwai ranar da kamfani zai zauna ya yanke shawarar sabuntawa ko sallama. Idan labarin neman aikinka ya riga ka isa kunnen mudir wata biyu kafin wannan ranar, kai kuma ba ka da wani tayi a hannu, za a iya ƙin sabuntawa a buga maka huruj niha'i, wato bizar barin ƙasar gaba ɗaya.

Gaskiya ne abubuwa sun yi sauƙi. Tun ranar 14 ga Maris 2021 gyaran dokar ya fara aiki, inda ma'aikacin kamfani zai iya komawa wani kamfanin ba tare da amincewar kafili ba idan kwantiraginsa ya ƙare, ko bayan ya cika shekara ɗaya bisa wasu sharuɗɗa. Haka nan idan an yi wata uku a jere ba a biya shi albashi ba, ko igamarsa ta ƙare ba a sabunta ba. Amma sauƙin fita bai hana watannin da za ka yi kafin fitar su yi maka ɗaci ba.

Akwai kuma lissafin kuɗin sallama, wanda da yawanmu ba ma yi. Sashe na 84 ya ba ma'aikaci rabin albashin wata a kowace shekara cikin biyar ɗin farko, sannan cikakken albashin wata a kowace shekara bayan haka. Sashe na 85 ya ce wanda ya ajiye aiki da kansa, tsakanin shekara biyu zuwa biyar kashi ɗaya cikin uku zai karɓa, bayan biyar zuwa ƙasa da goma kashi biyu cikin uku, daga goma ya karɓa duka. A ce albashinka riyal 4,000 ne, ka yi shekara huɗu. Cikakken kuɗinka riyal 8,000 ne, amma in ka ajiye da kanka abin da za ka samu bai kai 2,700 ba. Ka ga ke nan ranar da za ka tafi da yadda za ka tafi kuɗi ne tsaba. Bai kamata kiran wayar wani baƙo ya zaɓa maka ranar ba.

Mataki na biyu: cire sashen daga CV ɗin

Goge sunayen, goge lambobin. Gurbin da ya rage ka cike shi da aikin da ka iya. Wasu kan bar layi ɗaya da ke cewa za a kawo masu shaida idan an buƙata. Ba ya cutarwa, amma ni ban ga amfaninsa ba, domin duk mai ɗaukar aiki ya san zai iya tambaya.

Ka tuna cewa CV yawo yake yi. Ka tura wa mutum ɗaya, shi kuma don ya taimake ka ya jefa shi a zauren WhatsApp na masu neman aiki, daga nan ya faɗa hannun wani ofishin dillancin ma'aikata. Ba ka san wa zai buɗe shi ba. Lambobin da ke ciki kuwa ba naka ba ne, amanar mutane ce. Tsohon shugabanka da ya yarda ya yi maka shaida bai yarda lambarsa ta zagaya gari ba.

Wasu ƙananan abubuwa da ke tona asiri ko da babu sunan kowa a takardar: kada ka tura CV da imel ɗin kamfani, kada ka buga shi a na'urar ofis ka manta shi a kan tire. A LinkedIn kada ka sa koren zoben nan a jikin hotonka da ke shelar kana neman aiki. Akwai zaɓin da masu ɗaukar aiki kaɗai ke gani, shi ma LinkedIn da kansa bai ba da tabbacin cewa mutanen wurin aikinka ba za su gani ba. A shafin neman aiki na Bayt da makamantansa, shiga saituna ka duba wa ke iya ganin bayananka.

Mataki na uku: zaɓi mutanen

A nan muke yawan yin kuskure, kuma kuskuren daga al'adarmu yake fitowa. Mu a wajenmu shaida ta manya ce. Sai ka ga yaro ya sa sunan kawunsa, da limamin masallacin unguwa, da wani Alhaji mai otal a Makka da bai taɓa ganin aikinsa ba. A ɗaurin aure waɗannan su ne shaidu na gari. A neman aiki ba su da abin faɗa. Ma'aikacin ofishin ɗaukar aiki ba tambayar asalinka zai yi ba. Zai ce: yaushe ya fara aiki da ku, me yake yi, yana zuwa a kan lokaci, ya yake da abokan aiki, me ya sa ya bar wurin, da zai dawo za ku sake ɗaukarsa? Liman zai ce yaron kirki ne, ba ya wasa da salla. Gaskiya ya faɗa, amma ba ita aka tambaya ba.

Nemi wanda ya ga aikinka da idonsa. Mafi kyau shi ne shugabanka a kamfanin da ka bari kafin wannan. Sai wanda ya taɓa shugabantarka a nan inda kake amma shi ya riga ya bar wurin. Irin wannan zinare ne, domin ya san aikinka na kwanan nan kuma ba shi da abin da zai rasa idan ka tafi. Sai dai ka tabbata ba kullum suke shan shayi da mudirinka ba. Bayan su sai abokin hulɗa na waje, kamar mai kawo muku kaya ko wakilin kamfanin da kuka yi wa aiki, in dai tafiyarka ba za ta taɓa cinikinsa da kamfaninku ba. Idan ba ka daɗe da gama karatu ba, malamin da ya duba aikinka na kammalawa ya isa. Mutum biyu ko uku sun wadatar.

Abokin aikinka na yanzu fa, wanda kuke cin abincin rana tare? Ni ina ba da shawarar a bar shi, ko da amininka ne. Ba don zai ci amana ba. Za ka ɗora masa nauyin da bai kamata ya ɗauka ba. Ranar da mudir ya gano, shi ma za a ce da shi aka haɗa baki, kai ka tafi shi yana nan da igamarsa a hannun kamfani.

Idan mai shaidarka yana gida Najeriya ko Nijar, akwai abubuwan da za ka lura da su. Saudiyya tana gabansu da awa biyu, ƙarfe tara na safe a Jidda bakwai ce a Kano. Ranar Lahadi a nan ranar aiki ce, a can ofisoshi a rufe suke. Mutane da yawa ba sa ɗaga baƙuwar lambar ƙasar waje. Sannan sai ya iya Larabci ko Ingilishi, domin da ɗayansu za a yi masa magana. Na ga yaron da ya rasa wuri saboda an kira tsohon ogansa sau uku ba a samu ba, aka wuce zuwa na gaba a layi. Ga na gida, imel ya fi waya, musamman imel ɗin ma'aikatarsa.

Mataki na huɗu: nemi izini, kuma ka saurari amsar da kyau

Kada ka taɓa ba da sunan mutum bai sani ba. Kira shi, ko ka je ka same shi in yana kusa. Bayan gaisuwa, maganar ba ta da tsawo:

"Yallaɓai, wata alfarma nake nema. Ina duba wani aiki a wani wuri, kuma wataƙila su nemi wanda ya san aikina. Ko za ka amince in ba da sunanka? Shaida ce kawai a kan abin da ka sani, babu sa hannu, babu lamuni. Sannan inda nake yanzu ba su sani ba tukuna, ina roƙo maganar ta tsaya tsakaninmu."

Wannan bayanin na babu lamuni yana da muhimmanci. A gida an saba da takardar mai tsayawa, inda mutum zai sa hannu cewa in ka gudu da kuɗi shi za a kama. A nan kuma kalmar kafala, wato ɗaukar nauyin mutum, kanta tana firgita mutane. Da yawa suna noƙewa ne don sun ɗauka abin da kake nema ke nan.

Roƙon sirrin ma kada ka ji kunyar faɗinsa, ko da wanda kake magana da shi ya haife ka. Mu Hausawan ƙasar nan kamar muna da yawa, amma zaren ɗaya ne. Maganar da aka yi a majalisa a Jidda bayan isha, kafin Juma'a ta isa Shara Mansur a Makka. Mai shaidarka zai iya faɗa wa matarsa da kyakkyawar niyya, ita ta yi wa matarka barka a gidan suna, a gaban matar direban kamfaninku. Magana zarar bunu ce. Kai ma a naka ɓangaren ka tuna ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Sai ka kasa kunne ga yadda ya amsa. Bahaushe ba ya son cewa a'a kai tsaye. Wanda ya ce, "Haba, ai ko yanzu su kira ni," wannan naka ne. Wanda ya ja numfashi ya ce, "To, Allah ya sa mu ji alheri," ya ba ka amsa, sai ka yi godiya ka nemi wani. Shaidar da aka bayar da sanyin jiki ta fi rashin shaida illa, domin mai kiran yana jin sanyin a murya.

Wanda ya amince, tura masa CV ɗinka da bayanin aikin da kake nema. Ku daidaita shekarun da kuka yi tare da sunan muƙamin da ka riƙe, don kada ka rubuta shekara uku shi ya ce biyu. Kada ka roƙe shi ya ƙara maka ko wata ɗaya, kuma kada ka sa abokinka ya yi shigar mudir a waya. Tambaya biyu ake yi wa irin wannan ya rikice. Sashe na 80 na dokar ya ba kamfani damar korar ma'aikaci ba tare da kuɗin sallama ba idan ta tabbata ya yi jabu don ya samu aikin.

Mataki na biyar: rubuta takardar daban

Shafi ɗaya. Sunanka da lambarka a sama. A ƙasa kowane mutum da cikakken sunansa, muƙaminsa, inda yake aiki yanzu, alaƙarku a layi ɗaya (misali, shi ne shugabana kai tsaye na shekara uku a sashen sito), lambar waya da lambar ƙasa a gabanta, imel, da harshen da ya fi jin daɗin magana da shi. Ajiye ta a wayarka, ba a kwamfutar ofis ba.

Mataki na shida: ranar muƙabala, wato intabiyu

Za a iya tambayarka, "Za mu iya tuntuɓar inda kake aiki yanzu?" Yara da yawa a nan suke rikicewa, suna tsoron in sun ce a'a za a ɗauka suna ɓoye wani laifi. Ni yanzu a wancan gefen teburin nake zama, a ofishin ma'aikata, kuma ina tabbatar maka wannan a'a ɗin ba ta ba kowa mamaki. Abin da za ka ce shi ne:

"Har yanzu ina aiki a can, kuma ban sanar da su ba tukuna. Ina da mutum uku da suka san aikina sosai, zan ba ku sunayensu. Idan muka kai ga tayi a rubuce, ni da kaina zan fara gaya wa mudirina, daga nan sai ku tuntuɓe shi."

Mai hankali zai ji wannan ya ƙara ganin girmanka, domin ya ga yadda za ka yi da shi ranar da kai ma za ka bar wajensa. Idan kuwa suka dage sai sun kira mudirinka tun kafin su ba ka komai, to ka tsaya ka yi tunani. Wurin da bai damu da ya jefa igamarka cikin hatsari tun ba ka shiga ba, ban ga alamar zai damu da kai bayan ka shiga ba.

Fom na intanet wani lokaci ba ya barin ka wuce sai ka cike gurbin masu shaida. Sa tsofaffin shugabanninka da ka riga ka nemi izininsu. Idan akwai tambayar ko a tuntuɓi wurin aikinka na yanzu, zaɓi a'a. Da zarar ka miƙa sunayen, a ranar ka sanar da mutanen: kamfani kaza zai iya kira cikin makon nan, a kan aiki kaza.

Idan suna son hujjar cewa da gaske kana aiki inda ka ce, kwantiraginka na Qiwa da takardar albashi sun isa su nuna hakan ba tare da an kira kowa ba.

Mataki na bakwai: mudirinka na yanzu

Lokacinsa yana zuwa ne bayan ka riƙe tayin aiki a rubuce, mai ɗauke da albashi, muƙami da ranar farawa. Alkawarin baki ba tayi ba ne, ko da an haɗa da wallahi. Ba a zubar da ruwan randa don an ga hadari.

A tsarin yanzu sabon kamfani ne ke tura buƙatar naƙali, wato mayar da kai ƙarƙashinsa, ta Qiwa, kai ka amince, sannan sanarwa ta isa wa kamfaninka na yanzu. Wato mudir zai ji ko ba daɗe ko ba jima. Abin da ke hannunka shi ne ya ji daga bakinka kafin ya gani a kwamfuta. Ka nemi ganinsa shi kaɗai, ka rufe ƙofa, ka ce, "Ustaz, na zo in gaya maka da kaina kafin ka ji a wani wuri. Na samu tayi, kuma na yanke shawarar karɓa. Zan cika wa'adin sanarwa, zan kuma miƙa aikin ga wanda ka zaɓa yadda ya kamata." A nan ne za ka tambaye shi ko zai yarda a kira shi. Mudirin da aka girmama haka sau da yawa yakan zama mafi kyawun mai shaidarka na shekaru masu zuwa. Nawa na wancan lokacin, na fahimta daga baya, ba tafiyata ce ta ɓata masa rai ba. Jin ta daga bakin baƙo, ni kuma ina tsaye a gabansa, shi ne ya tsaya masa.

Idan za ka fita kafin wa'adin kwantiragi ya cika, karanta abin da aka rubuta game da diyya tun kafin ka amince da naƙalin, domin sashe na 77 ya tanadi diyya a kan wanda ya katse kwantiragi ba da dalilin da doka ta yarda da shi ba.

Kafin ka miƙa makulli, nemi shahadar hibra, takardar shaidar aiki. Sashe na 64 ya wajabta wa kamfani ya ba ka ita kyauta idan ka nema, da ranar farawa, ranar gamawa, sana'arka da albashinka na ƙarshe, kuma ba a yarda a rubuta abin da zai ɓata maka suna a ciki ba. Karɓe ta da tambarin kamfani tun kana nan. Mudirai suna sauyawa, kamfanoni suna rufewa, lambobin waya suna mutuwa, takardar kuwa tana cikin jakarka.

Inda wannan shawarar ba ta aiki

Idan mudir ya riga ya sani, misali aikin da aka ɗauke ku dominsa ya ƙare, ko shi da kansa ya ce ka fara dubawa, to sa shi a farkon takardar shaidun. Ko a nan ma a takarda daban, ba a jikin CV ba.

Likitoci, ma'aikatan jinya da masu harhaɗa magani suna da nasu tsarin. Hukumar kula da ƙwararrun lafiya ta Saudiyya tana buƙatar a tantance takardu daga tushe, kuma kamfanin DataFlow ne ke tuntuɓar makarantar da asibitin da suka ba da takardar. Don haka 'yar'uwa mai aikin jinya a gida da ke shirin zuwa nan, ki sani asibitinki zai samu saƙo da zarar an fara tantancewar, ki zaɓi lokacin da za ki fara. Masu neman koyarwa a jami'a kuma galibi ana neman sunayen masu shaida tun a fom ɗin farko, a can abin ba baƙo ba ne.

Direbobin gida, masu gadin gida da mata masu aikin gida, gyaran 2021 bai haɗa da su ba, nasu yana tafiya ne ta Musaned, shafin gwamnati na ma'aikatan gida, da ƙa'idojinsa. Su galibi ba CV suke rubutawa ba, baki ne ke yi musu shaida. Amma hatsarin ya fi girma, domin mai gidan da ya ji labari daga maƙwabci, a ƙarƙashin rufinsa kake kwana. Kada ka ba wani gida lambar kafilinka sai ka riga ka yi magana da shi.

Idan an riga an kira

Wataƙila kana karanta wannan ne bayan wayar ta riga ta yi ƙara. Kada ka yi abin da na yi, wato shiru da sunkuyar da kai ana ta zaman doya da manja. Je ka same shi a ranar ko washegari. Kada ka musa, don ya riga ya ji. Ka ce, "Gaskiya ne na tura takarda, kuma na yi kuskure da ban fara gaya maka ba. Ban karɓi komai ba tukuna, aikina a nan kuma ba zai ragu ba." Idan akwai dalili, albashi ne ko lokutan aiki, faɗe shi a hankali. Wani lokaci wannan zaman ne ke kawo ƙarin da aka daɗe ana ja.

Ko ya ya fuskarsa ta sauya, kada ka daina zuwa aiki. Rashin zuwa kwana 15 a jere ko kwana 30 a warwatse cikin shekara ba da uzuri ba, bayan gargaɗi a rubuce, yana ba kamfani damar sallamarka hannu rabbana, ga kuma rahoton ƙaurace wa aiki da zai iya dagula maka igama. Ka ajiye kwafin kwantiragi da takardun albashi a wajenka. Idan aka fara riƙe maka albashi ko aka matsa maka ka sa hannu a takardar ajiye aiki, kada ka sa. Kira ma'aikatar ƙwadago a 19911, akwai kuma zaman sulhu da ake yi kafin a kai ga kotun ma'aikata.

Sannan ka koma duk inda ka san ka tura tsohon CV ɗin, ka tura sabo marar sunaye, ka roƙi a goge na farkon. Wanda ya riga ya shiga zaurukan WhatsApp ba zai kamu ba, shi ya sa za ka kira sauran mutum biyun da ke cikin takardar ka gaya musu lambarsu ta fita, ka ba su haƙuri, ka ce duk wanda ya kira su a kanka ba tare da ka sanar da su ba, su ce ya fara tuntuɓarka.